Ciwon Gidan Audu Mahauci

Ranar da aka fara dawo mini da akushin tuwo ba a taɓa shi ba, na ɗauka gishiri ne ya yi wa miyar yawa. Har yatsa na sa na ɗanɗana. Miya lafiya ƙalau, kuka ce da daddawa, irin wadda mijina ya shekara goma sha biyar yana siɗe akushi a kanta. Na dubi 'yata Rabi da ta dawo da shi na ce, "Ke, baban naki barci yake?"

Ta ce, "A'a, Inna. Iya ce ta ce daga yau ita za ta riƙa yi masa abinci."

Iya ita ce surukata Baturiya, uwar mijina. Mijin nawa kuwa Ɗahiru ne, yanzu da ba ya duniya ai na iya faɗin sunansa. Ni ce Zuwaira, 'yar Tudun Wada, aka kawo ni Yako gidan Audu Mahauci, a lokacin shi Audun ya daɗe da rasuwa. Abin da zan gaya muku ya faru ne shekara biyar kafin Turawa su tafi.

Gidan nan gidan nama ne. Ran kasuwar Kwanar Dangora su yanka, su yi tsire, abin da ya rage a shanya kilishi ko a ɗora a banda. Da safe nama, da rana nama, yaro ma in ya yi kuka guntun banda ake cusa masa a hannu. Ga taba gari, ba ka raba kumatun mazan gidan da ita, ko'ina ka taka a tsakar gida yawunta ne ja. Na yi mita har na gaji.

Wada, ƙanin mijina, shi ciwon ya fara kamawa. Matarsa ta fita, saboda haka a tukunyata yake ci. Ya soma ganin jini in ya zaga, aka ce basir ne, wane mahauci ne ba shi da basir? Aka jiƙa masa sassaƙe, aka yi masa hayaƙi, aka ba shi rubutu. Ƙato guda, wanda yake kayar da sa shi kaɗai, ya dawo ana ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar ɗaki. Daga ƙarshe ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya masa cak, ya rasu bai fi shekara talatin ba. Ni na riƙa wanke masa tsumma, ba wanda ya ce mini sannu, ban kuma nema ba.

Damina biyu bayan haka Ɗahiru ya kira ni gefe, yana kallon ƙasa, ya ce shi ma ya ga jini.

Wannan karon Baffa Lado, ƙanin Audu, wanda shi ne babba a gidan, ya sa shi a mota daga Kwanar Dangora suka tafi wani asibiti a Kano. Kwanansu tara. Da suka dawo Ɗahiru ya gaya mini da bakinsa cewa likitan Bature ne, ya duba ya ce wani tsiro ne a hanji, irin wanda yanzu ake ce wa ciwon daji, kuma ya yi nisa. Ya ce ya bar taba, ya rage naman banda. Sannan ya sa tafinta ya tambaya ko a dangi akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo, don wani lokaci yakan bi jini. Baffa Lado ya ce babu.

Na ce, "Babu? Wada fa?"

Ya ce, "Baffa ya ce na Wada ai basir ne."

"Kai kuma ka yi shiru?"

"To, Zuwaira, Baffa na magana in tsoma baki?"

Na ji kamar in shaƙe shi, da ciwon nasa da komai. Amma na kalli wuyansa yadda ya zama siriri, sai tausayi ya kama ni, na tashi na ɗora masa ruwan zafi.

Baffa Lado bai yarda da maganar Bature ba. Ya ce kakanninsa da nama da taba suka tsufa, wani jan kunne ba zai koya masa cin abinci ba. Ya hau jakinsa ya tafi Badafi wurin wani mai duba. Mutumin ya zana ƙasa ya share, ya sake zanawa, ya ce sammu ne ake ba su a abinci, kuma hannun mace ne ta cikin gida. Mata nawa ne a gidan? Ni da Iya. Uwa kuwa ba ta kashe 'ya'yanta. Kwana biyu da dawowarsa aka dawo mini da akushin nan.

Kada ku ɗauka ni ban zargi kowa ba. Wallahi na zarga. Na zargi rijiyar bayan gida, na leƙa ta ya fi sau goma. Na zargi Bafulatanar da take kawo mana nono, har na daina saye, baiwar Allah tana gaishe ni ina ɗauke kai. Na zargi mahautan da suke gasa da su a kasuwa. Kowa a unguwar ya zama yana kallon hannun kowa, sai dai yawancin idanun a kaina suke. In na je rijiya hira ta mutu. Maƙwabciyar da muke aron garwashi da ita shekara da shekaru ta gwammace ta tsallaka gida uku ta ɗebo wuta.

Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne ranar da Iya ta hana 'ya'yana cin abincina. Uku ne: Rabi mai shekara goma sha biyu, da ƙannenta maza biyu, Balarabe da Ɗanasabe. Ɗanasabe ya miƙo hannu zai ɗauki ɗan wake a ƙwaryata, tsohuwar nan ta fizge shi kamar wuta zai taɓa.

Na ce, "Iya, ni na haife shi fa! Nonona ya sha, bai mutu ba!"

Ba ta ko dube ni ba. Ta ja shi ɗakinta ta saki asabari.

Da yamma Baffa Lado ya sa aka kira ni zaure. Ya ce ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci dangi za su taru. Zan dafa Alƙur'ani in rantse, kuma ko na rantse ko ban rantse ba, Ɗahiru zai sawwaƙe mini in koma gidanmu, don hankalin kowa ya kwanta. Yara kuwa na gidan ne, a gidan za su zauna.

Na shiga wurin Ɗahiru na tsaya a kansa na ce, "Malam, da yawunka aka yi wannan?"

Ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ta fi mini duk abin da Baffa Lado ya faɗa ciwo.

Washegari Talata na yafa mayafi na taka har Kwanar Dangora, na hau motar gyaɗa zuwa Tudun Wada, in gaya wa tsohuwata, ko a samu wani namiji a danginmu ya zo ya tsaya mini. Ban samu kowa ba, yayana ya tafi fatauci. Abin da na tarar shi ne wata baƙuwa a tsakar gida tana ƙulla daddawa, wai daga Doguwa ta zo cin kasuwa ta sauka a wurin tsohuwata. Sunanta Hasana, bazawara ce, ba ta daɗe da fita takaba ba.

Ina kuka ina ba tsohuwata labari, ban damu da baƙuwa tana ji ba. Ina cikin kwatanta ciwon, jinin da ramar da kumburin ciki, sai na ga matar ta ajiye daddawar.

Ta ce, "Baiwar Allah, kamar kina ɗakina kika ga mijina. Haka ya yi, tiryan-tiryan."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Shi ma mahauci ne?"

"Ina! Manomi ne. Nama sai da salla, taba kuwa ko warinta ba ya so. Ya kusa hamsin ma kafin abin ya kama shi, ya kuma ja shi a hankali. Amma dai shi ne, ba ko tantama. Wane gari kika ce ana aurenki?"

"Yako."

Ta dafe ƙirji. "Ai mijina asalinsa ɗan Yako ne. Ɗan fari ne, tun da aka yaye shi aka ba kawunsa riƙo a Doguwa, bai sake kwana a gidan ubansa ba. Idi, ɗan Audu Mahauci."

Na san da shi mana. Sai dai kun san yadda ake yi da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yin zancensa, in an yi a gabanta ma tashi take. Shekarata goma sha biyar a gidan ban taɓa jin an ce Idi ba, sai dai "na Doguwa". Ban taɓa sa shi a ido ba. Bara wani manzo ya zo ya shiga ɗakin Iya, ya fita, ita kuma ta fito ta ce wa mutanen gida na Doguwa ya rasu, maciji ne ya sare shi a gona. Aka yi zaman gaisuwa, Baffa Lado ya ce zai je, Iya ta ce hanya ta ɓaci da ruwa, a bari sai rani. Rani ya zo Ɗahiru ya kwanta, magana ta bi iska.

Na ce, "Hasana, ba maciji ne ya sare shi ba?"

Ta ce, "Wane maciji? Wata goma sha ɗaya yana kwance! Ƙanina na aika, na ce ya gaya wa mahaifiyarsa komai da komai, har jinin. Ya dawo ya ce ta saurare shi tsaf, ba ta ce uffan ba. Na ce kunyar ɗan fari ce."

Mutumin da bai taɓa cin lomar tuwona ba, bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba, ya mutu da ciwon da ake cewa ni nake zubawa a miya. Kuma tsohuwar nan ta sani. Tana zaune tana kallo ana nuna ni da baki a gari, ta sani!

Na roƙi Hasana ta biyo ni, ta ce ba za ta iya shiga rigimar gidan da ba su taɓa nemanta ba, amma duk wanda ya je Doguwa ya tambaya, gari guda zai ba shi shaida. Hakan ma ya ishe ni.

Ran Alhamis da la'asar na iso Yako. Ko ɗakina ban shiga ba, na wuce ɗakin Iya na ɗaga asabari ba sallama. Tana zaune tana kaɗi.

Na ce, "Iya, na ga matar na Doguwa. Ta gaishe ki. Ta ce in tambaye ki wane irin maciji ne yake sara wata goma sha ɗaya."

Mazarin ya tsaya a hannunta. Na zaci za ta yi musu, har na shirya abin da zan mayar mata. Sai ta ce, "Saki asabarin nan, ki zauna."

Na ƙi zama. Ta yi magana a hankali, idonta a kan audugar.

"Ubansu ma haka ya tafi. Lado yana Kurmi can kudu da shanu a lokacin, ni kaɗai na yi jinyarsa, na ce wa mutane zazzaɓi ne. Yayarsa da aka aurar a Kiru, ita ma haka. Uwarsu kuwa ban riske ta ba, amma na ji abin da na ji. Da Wada ya fara na ce ko Allah zai sa basir ne. Da aka aiko daga Doguwa na san ba basir ba ne."

"Kika bari aka ce ni ce?"

"Na bari."

"Don Allah me na yi miki, Iya? Ban yi miki biyayya ba? Ban wanke ƙazantar ɗanki ba?"

Ta ɗago ta dube ni, idon nan a bushe. "Ba ki yi mini komai ba. Ke baƙuwa ce, in kin tafi maganar ta bi ki, gida ya wanku. Amma in aka ce a jinin gidan nan yake, wa zai zo neman Rabi? Wa zai ba Balarabe 'yarsa? Wa ma zai sayi nama a hannunsu? Za a riƙa nuna su ana cewa ga na gaba. Na binne miji da 'ya'ya biyu, na uku ga shi can. Jikokin nan su kaɗai suka rage mini, kuma 'ya'yanki ne. Gobe ki faɗi abin da kika ga dama."

Na fito. Wallahi na tsani matar nan a ranar kamar in mutu, kuma na kasa samun inda ta yi ƙarya.

Kafin gari ya waye na yanke shawara. Zan rantse ban yi ba, don ban yi ba, sannan in ja bakina in yi shiru, in ɗaure kayana in tafi. Tudun Wada ba bangon duniya ba ce, yara in sun girma za su neme ni. Haka na gaya wa kaina, har na ɗaure tukwanena a zani.

Bayan sallar Juma'a aka taru a tsakar gida. Maza a kan tabarmi, matan dangi a bakin ɗakuna, maƙwabta sun cika bayan zana wai su ba sa kallo. Aka fito da Ɗahiru aka jingina shi da bango. Liman ya ajiye Alƙur'ani a kan buzu. Na yi alwala na durƙusa na dafa, na rantse ban taɓa zuba wa kowa komai ba. Na miƙe zan wuce ɗaki.

Da Baffa Lado ya bar ni na wuce, da shi ke nan. Amma sai ya tofar da yawun taba ya ce, "To, an ji. Mai iya kashe mutum biyu ai rantsuwa ba ta yi mata wuya. Ku yaran nan, ku buɗe ido ku dube ta da kyau, daga yau ba ku da uwa. Duk wanda na ji ya taka Tudun Wada sai na karya masa ƙafa."

Ban san lokacin da na juyo ba.

"Biyu, Baffa? Ai ba ka iya ƙirga ba! Ka sa da Idi na Doguwa, wanda ban taɓa gani ba! Ka je ka tambayi matarsa ko maciji ne, wata goma sha ɗaya yana zubar da jini! Ka sa da yayanka Audu, da ya mutu ina goye a bayan uwata! Ka sa da yayarku ta Kiru! Duk ni na dafa musu? Bature ya tambaye ka ko akwai a dangi, ka ce babu. Ga shi nan a jininku, gado ne, kuna ta ɗura masa taba da banda, sannan ku ce miyata ce! Ga Iya nan, ta dafa littafin nan ta ce ƙarya nake!"

Ko kaji sun daina tono. Kowa ya juya wajen Iya. Liman ya ce, "Baturiya, gaskiya ne?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Gaskiya ne." Ta tashi ta shige ɗaki.

Baffa Lado ya cire hula ya riƙe a hannu. Daga baya ya ce, "Zuwaira, ki yafe mini. Ba inda za ki." Ɗahiru ya rufe fuska da hannun riga yana kuka. A bayan zana kuwa na ji ƙafafu suna watsewa da sauri, kowa yana son ya riga wani kai labari. Na ga wata gwaggon yaran ta janye ɗanta daga kusa da Balarabe, a hankali, wai kada a lura.

Na ci nasara. Sunana ya wanku, ba mai raba ni da 'ya'yana. Na shiga ɗaki na durƙusa ina kwance ƙullin tukwanen, na kasa kwance ko ƙulli ɗaya.

Sai na ji mutum a bayana. Rabi ce, ta riƙo ƙannenta ɗaya a kowane hannu. Ashe tana tsaye a bakin rumbu tun farko, ba kalmar da ta wuce ta.

Ta ce, "Inna, jinin Baba ai shi ne namu ko?"

Na ce, "Shi ne."

"To mu ma zai kama mu?"

Na dube su su ukun. Ban san wanne ba, ban san ko duka ba, ban san ko ba ko ɗaya ba. Likitan ma da ya san abin cewa ya yi wani lokaci. Yarinyar ta kafe ni da ido tana jira, ita kuwa ta san ban taɓa yi mata ƙarya ba, yanzun nan ta ga na dafa Alƙur'ani.

Na ce, "A'a. Ku ba zai kama ku ba."

Ta saki ajiyar zuciya, ta yarda. Ta durƙusa kusa da ni ta kama ƙullin, ta ce in kawo ta kwance mini.